Kashi Sittin da Bakwai

Ƙarfe ɗaya na dare a Kakuri,
lokacin da data ke araha,
na danna sabuntawa.

Wata huɗu manhajar tace bidiyo na yi mini naci.
Da na kunna kwamfuta sai ta leƙo
kamar mai bin bashi:
akwai sabuwa, akwai sabuwa.
Ni kuwa na saba da tsohuwar.
Na san inda take tuntuɓe.
In na haɗa mata gyaran launi da na sauti
sai ta daskare, ta yi fushi,
in je shan shayi wurin Ɗanliti,
in dawo in tarar ta huce.

Amma kyamarar da Bitrus ya sayo
wani yare take yi,
tsohuwa ba ta jin sa.
Aiki uku suka wuce ni, suka tafi Barnawa.
To.

Shuɗin zare ya fara rarrafe a gindin allo.
Goma.
Ashirin da biyu.
Fankar kwamfuta na huci kamar mai hawan gadar Kawo da keke.
Kashi sittin da bakwai
aka ɗauke wuta.
Batir ya ce saura minti arba'in,
amma ni da shi mun san maƙaryaci ne.
Na fita ba takalmi, na ja igiyar inji,
a ja na biyar ya yi tari ya tashi.
Wata taga ta buɗe a maƙwabta, aka yi tsaki, aka rufe.

Da ta gama, sai na ga an juya mini ɗaki.
Almakashi ba ya inda na bar shi.
Yatsana na ta komawa tsohon maɓalli
yadda harshe ke komawa gurbin haƙori.

Aikin da ke gabana na Baba Ɗantala ne:
shekara talatin da ɗaya a masaƙa,
awa huɗu yana ba ni labari a ƙofar gidansa.
Ya rasu da farkon damina.
Hansatu, autarsa, tana son faifan ranar Asabar.

Manhaja ta tsayar da ni:
in ka buɗe shi a nan,
tsohuwa ba za ta ƙara gane shi ba.
Na kwafe shi sau biyu,
ɗaya a rumbu, ɗaya a ɗan filashin da ke jikin makullina,
sannan na ce na yarda.

Ga shi nan, hularsa a karkace.
Ba tsayawa, ba daskarewa.
Har zaren da ya zare a wuyan rigarsa na gani.
Akwai sabon maɓalli mai share hayaniya.
Na danna.
Hon ɗin 'yan adaidaita ya ɓace,
kukan akuya, rediyon mai wanki,
duk tas.
Muryarsa ta fito fes kamar a ɗakin labarai.
Na ce kai, ina ma tun tuni.

Sai na iso minti na casa'in,
inda ya rufe ido yana kwaikwayon injinan saƙa da bakinsa,
cakat-cakat, cakat-cakat,
hannunsa na jefa ƙoshiyar da babu.
Leɓe na motsi.
Shiru.
Ta ɗauka hayaniya ce.
Ta sake rufe masaƙar.

Na ɗan zauna.
Inji a waje ya fara shaƙewa, mai ya kusa ƙarewa.

Na mayar da komai:
akuyar, rediyon, hon ɗin,
da tarin da ya yi kafin ya ce,
nan fa da, in an tashi aiki, titi ba masaka tsinke.

An kira assalatu.
Ɗanliti ya hura wuta, ina jin ƙarar kofuna.
Ni dai har yanzu
ina neman inda suka kai mini almakashi.