Gurbi Talatin da Biyu

Ƙarfe biyun dare a Koimbira,
ruwan indararo na gangarawa kogin Mondego.
Graciete Valadão ta tuɓe takalmi ƙarƙashin tebur,
gahawarta ta huce tun ɗazu.
Gabanta 'yar na'ura ce
mai buga suna a ɗamarar hannun majinyata.

Anselmo ne ya tsara mata umarni,
ya yi ritaya, yana can yana dashen inabi.
A zamaninsa ma'ajiya tsada gare ta,
sai ya yanka wa suna gurbi talatin da biyu,
ya ce wa na'ura: ɗebi nan, zuba can,
kada ki tsaya sai kin ga sifili.
Bai ce mata ta dubi bakin kwano ba.

Jiya aka kawo tsohuwa da karayar ƙugu,
Leopoldina Ermelinda de Vasconcelos Sequeira Pinto.
Hamsin cif, har da sararin tsakani.
Na uwa, na uba, na kakar da ba ta riska ba,
duk a kanta take ɗauke da su.

Na'ura ba ta gardama. Ta zuba.
Kwano ya cika, ba ta ɗaga kai ba.
Ragowar suka haura katanga,
suka tattake lambar gado,
suka zauna daram inda rukunin jini yake.
Ɗamara ta fito, a wurin jini an rubuta: Seq.
Belmira mai aikin dare ce ta tsaya ta sake dubawa.
Da idonta ya yi nauyi a daren,
da yanzu wani zancen ake.

Tela ba ya sa almakashi sai ya ja awo.
Graciete ta fara da tambaya:
nawa ne tsawon abin, nawa ne faɗin wurin?
Talatin da biyun ma ba duka naka ba ne.
Guda na sifili ne, mai gadin ƙofa,
ba a kiransa, ba a buga shi,
amma ranar da bai zo aiki ba
mai karatu zai zarce,
ya yi ta karanta abin da ba nasa ba
har ya faɗa rami.

Akwai wani umarni mai fuskar kamala,
yana tsayawa a iyaka, gaskiya ne,
sai dai in kwano ya cika yakan manta murfi.
Ta san halinsa.
Da hannunta ta dasa sifilin.

Ta gwada.
Leopoldina Ermelinda de Vasconc
Katanga ta tsaya, jini ya koma mazauninsa,
amma ga tsohuwa an datse ta a tsakiyar dangi.
In gobe aka kwantar da wata
mai farkon suna iri ɗaya fa?
Maganin wa za a ba wa?
Yankan da aka yi shiru, shi ma ɓarna ne.
Ta ƙara layi uku:
in bai shiga ba, kada ki buga,
yi ƙara, kira mutum.

Ta sa nata sunan don gwaji.
Harafin nan mai lanƙwasa a ka
gurbi biyu yake ci shi kaɗai,
in wuƙa ta faɗa tsakaninsu
rabin harafi ake samu, ba rai ba gawa.
Ta koya wa wuƙar ja da baya.

Gab da asuba ta faɗaɗa kwanon,
ta bar wa na bayanta saƙo a gefen umarni:
na ƙara wuri, amma kada ka amince da shi,
wani suna na nan tafe da ya fi shi.
Auna.

A hawa na uku tsohuwa ta farka.
Belmira ta ɗaura mata sabuwar ɗamara,
ta karanto sunan tiryan-tiryan, ba ta ci harafi ba.
Tsohuwa ta yamutsa fuska, ta ce,
wa ke da lokacin wannan duka?
Dina ake ce mini.