Tsatsa Ba Ta Cin Hanci

A Görlitz, a shagon da ke kallon kogi,
Edeltraud ta kunna fitila da rana tsaka.
Jost ya shigo a jiƙe,
da ɗan littafin soja da ya saya da kuɗin haya.

Ba ta fara da suna ba. Ta sunsuna.
Tsufa da warinsa, in ji ta, shayi ma da nasa,
kuma da shayi 'yan jabu ke rina shekaru.
Ta ɗora gilashi kan hoton:
ƙusoshi biyu sun riƙe fuskar yaro,
tsatsarsu ta ci takarda ta ɓullo ta baya.
Tsatsa ba ta cin hanci.

Hatimi ya taka kafaɗa, ya sauka kan shafi,
zobensa bai karye ba.
Hannu uku, tawada uku.
Magatakardan asibiti yana sauri.
Lambar takalmi, rukunin jini, hutun kwana goma.

Sai can kusa da ƙarshe
lambar yabo ta kwanta sabuwa fil.
Wani ya ƙara masa jarumta bayan ya mutu
don farashi ya hau.

Jost ya ce, to nawa?
Ta ce, littafin gaske ne, yabon ƙarya.
Ewald Kuhnert, ɗan sha tara, mai gasa burodi.
Abin da ya aikata a gabas, takarda ta yi shiru,
ni kuwa takarda kaɗai na iya.

Ta miƙa masa, ta tashi ta wanke hannu.