Digiri Tamanin da Bakwai

Na saye ka a hannun Josenildo,
a wani lungun kasuwa a Recife,
kwalinka a yage, garantinka saura wata huɗu.
Katin hoto mai fanka ɗaya tak,
gumin kwana sha tara ina kai abinci a kan babur,
rana ta dake ni, direbobin bas su zage ni.
Ya ce, araha ba ta ado, Valdemir,
amma wannan, in ka matsa masa, zai yi.

To, na matsa.

Na bari sai da Ivonete ta kwanta.
Aikinta na jami'a yana cikin kwamfutar nan,
asibiti mai hawa uku da take zanawa tun Maris,
ranar Alhamis za ta miƙa.
Na ja kujera, na buɗe ma'aunin agogonka.
Megahaz hamsin. Ba ka ce uffan ba.
Wasu hamsin. Fankarka ta gyara murya.
Wasan da ke ɗingishi kamar mai ƙaya a ƙafa
ya miƙe,
hoto arba'in da ɗaya a sakan
ya koma arba'in da takwas.

Bakwai!
Mai kuɗi ba zai ga bakwai ba ko an aza masa a hanci.
Ni na san nauyinsu.
Sabon kati ne da ban saya ba,
wata biyu ne na kuɗin haya da suka tsira.

Da nan na tsaya.

Daren garinmu ba ya sanyi.
Iskar teku takan shigo da gishiri da ɗumi,
ta tarar da kai kana huci.
Na kwance murfin akwatin,
na ɗauko fankar kicin ta mama na saita maka,
na ƙara maka wuta kaɗan, kaɗan dai,
irin kaɗan ɗin da mai gishiri ke ɓata miya da shi.
Saba'in da tara. Tamanin da uku.
Tamanin da bakwai.

Sai ga ɗigo-ɗigon kore a fuskar allo
kamar ƙyanda ta fito wa sararin sama.
Wata bishiya ta miƙe ta zama tsinin shunayya.
Sauti ya maƙale a harafi ɗaya.
Baƙi.

Na sa hanci ina sunsunar ka,
ina neman ƙaurin da ba na so in ji.
Ban tuna wasan ba sam.
Alhamis na tuna,
da kwana sha tara da ba ni da wasu,
da yadda ake zuwa neman gira a baro ido.
Daga ɗaki Ivonete ta yi tari ta juya.
Na ƙirga ɗari kafin yatsana ya yarda
ya taɓa maɓalli.

Ka tashi.

Ban yi murna da ƙarfi ba.
Na janye wutar da na ƙara, na rage arba'in,
na bar ka kana aiki har kukan zakaran maƙwabta,
ido a kan lamba kamar mai jinya.
Saba'in da huɗu. Ka zauna a nan.

Josenildo ya ce kowane kati da rabonsa:
na Cleiton irinka ne sak, ya fi ka gudu,
wata biyar aka yi, yanzu takarda yake dannewa a tebur.
Nawa na ɗebe daga kwanakinka?
Babu ma'aunin da ke nuna wannan.

Ranar Alhamis hoton asibitin ya kammala
minti shida kafin lokacin da ya saba.
Ta samu bas ɗin bakwai saura kwata.
Da yamma ta ce, kwamfutar nan ta ƙara surutu,
kuma wa ya ɗauke fankar kicin?

Na ce zafi ne.
Ban yi ƙarya ba.