Mayen Ƙarfe

A Tashar Dukku, rumfata ta gyaran rediyo,
Baba Jauro ya naɗe hannun riga:
"Ciro min mayen ƙarfen sifika,
ɗora nan, inda allurar rigakafi ta shiga.
An ce ɗan ƙarfe suke turawa cikin jini,
ana jin numfashinka daga wata ƙasa."

Na ɗora. Ya zame, ya faɗi.
Na sake. Ya sake faɗuwa.

Ya yi shiru, yana shafa kumburin.
"To wa ya faɗa wa masu bina bashi
ina Bajoga jiya?"

Sai wayar aljihunsa ta yi ƙara.
Muka dube ta mu biyu,
kamar baƙuwar da ta daɗe a ɗaki
ba wanda ya ji sallamarta.