Nomau Biyu

Ƙarfe goma na dare, asibitin Bunza,
an ɗauke wuta, inji ya yi tari sau biyu ya yi shiru.
Tun asuba nake tsaye,
wadda za ta karɓe ni ɗanta na zazzaɓi.
Ni kaɗai ce a ɗakin maza,
tire a hannu, fitilar waya a hammata,
da tsofaffi goma sha ɗaya,
ƙaramin cikinsu ya yi jika da ni.

Nomau biyu gare ni a makon nan.
Ɗaya basarke ne, ya tsufa a cikin jirgi,
yanzu ruwan ya biyo shi gida,
ya taru a ƙafa, ya hau ƙirji.
Ɗayan maƙeri ne daga Zogirma,
ciwon suga ya cinye masa yatsa biyu.
Duk farin gemu, duk hula ta karkace,
duk sun ja zane har wuya saboda sauro.

Na ce, "Baba Nomau."
Wani ya amsa daga duhu.
Ban tambayi sunan uba ba, ban buɗe katin ba,
na zuba ƙwaya a tafin da aka miƙo,
ina ta lissafin gadon da ya rage.

Bai kai baki ba.
Hannun da ya san nauyin kifi tun yana cikin taru
ya murza ta tsakanin yatsu, ya sake murzawa.
Ya ce, "Ɗiyata, dakata.
Tawa tana da tsaga a tsakiya.
Wagga sumul take."

Na haska.
Ta maƙeri ce,
mai sauke suga a jikin da nasa bai hau ba,
kuma tsohon ko kunun yamma bai shanye ba.
Da ya haɗiye, da gumi zai rufe shi tsakar dare,
ni kuwa in leƙo in ce barci ya yi daɗi.

Gwiwata ta yi sanyi. Na zauna a bakin gado.
Ya ce, "Tashi, ba a zama gadon mara lafiya.
Ni ma na taɓa kwance jirgin wani da duku-duku,
sai da na kai tsakiyar gulbi filafili ya faɗa mini."

Babu wanda ya gani sai shi da Allah.
Littafin rahoto na buɗe a kan tebur,
biro ya yi nauyi kamar taɓarya.
Wata zuciya ta ce ai ba a sha ba, bar shi.
Na rubuta. Lokaci, gado, ƙwaya,
da sunana, Kulu, a ƙasa.

Da safe shugabarmu, Hajiya Tambai, ta karanta a tsaye.
Na jira tsawa.
Ta cire tabarau, ta tambayi awa nawa na yi ban zauna ba,
sannan ta aika aka kawo filasta.
Muka naɗa wa kowa a wuyan hannu,
suna, sunan uba, gari.
Aka gangara da maƙeri kusa da taga,
yana mita wai an raba shi da takwara.

Kama da wane ba wane ba ne,
tun ina yarinya nake ji,
ban san a tafin hannu ake gane ta ba.

Yanzu ko rana tsaka ce sai na tambaya.
Basarke ya mai da abin wasa.
In na iso sai ya ɓoye hannu a zane,
ya ce, "To, wa kike nema?"
In ce, "Nomau ɗan Gado, na Tilli."
Ya karɓa, ya laluba tsagar da farce,
ya ɗago kai ya ce, "Miƙo ruwa."