Shanyar Lantana

Ran Asabar da hantsi muka bar garin Dutsi,
ni da Lantana da 'ya'yanmu uku.
Gero ya fid da kai, ya ɗara Ƙasimu tsawo,
raɓa ta jiƙa mana ƙafar wando.

Dutsen nan ba takalmi na san shi ina yaro.
Yau gwiwa ta ce, "Malam, a hankali."
Na tsaya wai ina duba 'ya'yan faru,
Sahura ta gane, ta karɓi jakar ba magana.

Ruwan jiya ya kwanta a kwarmin dutse,
talibambam na kai-komo a ciki.
Auta Nazifi ya ce a ɗebar masa biyu a murfin flas.
Rema ta leƙo, ta ƙirga mu, ta koma.

A ƙoli muka kwance ƙullin dafaffiyar gyaɗa.
Gari ya dawo tafin hannu,
kowa na nuna rufin gidanmu da yatsa,
kowa gidan da ya nuna daban.

Sai iska ta juyo daga gabas da ƙanshin ƙasa.
Lantana ta dafe ƙirji:
"Kuɓewata! Na bar shanya a tsakar gida!"

A saukowa gwiwa ba ta ce uffan ba.
Ruwa ya riske mu a gindin tsamiya,
kuɓewa ta bi rariya,
takalmin auta ƙafa ɗaya ya ɓace.

Da dare ana tuwo da miyar kuka
ya ce, "Baba, Asabar sai mun koma,
rema na aro wa takalmin."