Sifana Lamba Sha Uku

Na haye Shari da dare, ruwa iya wuya,
ƙanwata Ashta a kafaɗa,
bayanmu Injamena na ci da wuta
kamar bukkar da aka manta da aci-balbal a ciki.
Ban ɗauko hoto ba, ban ɗauko takarda ba,
sai sifana lamba sha uku
da ta kwana a aljihun wandona.

Kusiri, Gamboru, Maiduguri, Gashuwa,
kowane gari ya ba mu ruwa, ya nuna mana gaba.
Motar albasa ta sauke mu a Gamsarka
don tayarta ta fashe, ba don mun zaɓa ba.

A fadama na iske Ilu yana zagin injin ban-ruwa.
Hausata ran nan ba ta wuce sannu ba.
Na durƙusa, na kwance fulogi, na hure, na mayar.
Injin ya yi tari, ya tofar da hayaƙi,
ruwa ya bi fangali.
Gaisuwata ta farko ke nan da aka amsa.

Ranar da salansa ta buga kamar bindiga
na faɗi rubda-ciki cikin albasa.
Yara suka yi ta ƙyaƙyatawa.
Ilu bai yi ba. Ya kwanta kusa da ni,
wai shi ma tsutsa yake dubawa a ganye.

Shekara sha biyar doka ta ce a zauna.
Na ninka ta kafin in san da dokar.
Na auri Hansai, na yi gayya, na biya haraji,
na binne Ashta gabas da tsamiya,
na binne ɗan farina a gefenta.
Ƙasa ta karɓe su, ba ta nemi fasfo ba.

Sai Talatu ta ci jarrabawar koyon jinya,
aka ce ta kawo shaidar asalin uba.
Ta ajiye fom ɗin a tabarma, ba ta dube ni ba.

Auyo, Dutse, Auyo, Dutse.
Hoto takwas, tambari, kuɗin mota,
dawo jibi, oga ya fita, dawo bayan salla.
Na sayar da tunkiya biyu a kan benci ɗaya.
Wani yaro mai kaki, sa'an ɗana, ya ce,
"Baba, in an yi yaƙi, wace ƙasa za ka bi?"
Na ce, "Wadda ta ƙi yi."
Ya daɗe yana juya biro.

Aka nemi shaidu.
Mai unguwa Barau ya zo da sandarsa,
aka ce ya faɗi abin da ya sani a kaina.
Ya ce, "Shi ya shiga ramin ubana ya karɓe shi.
Rubuta haka."

Fayil ya yi barcin damina shida a Abuja.
Talatu ta gaji, ta koyi ɗinki.
Wannan ban yafe wa kowa ba,
har da kaina.

Ran rantsuwa na sa rigar aro, na ɗaga hannu,
bakina na bin kalmomi,
cikina na ƙirga matattu da Larabcin gida.
Suka miƙo takarda mai kauri, mai hatimi.
Jimet nake. Jimoh suka rubuta.
Ilu, da haƙoransa uku da suka rage,
ya yi dariyar da ya ƙi yi a cikin albasa.

Tana cikin akwatin ƙarfe yanzu,
tsakanin rasit ɗin taki da katin awon Hansai.
Nakan buɗe in tabbatar gara ba ta kai gare ta ba.

Da asuba wani ya buga ƙyaure:
"Ɗan Cadi! Injin ya ƙi tashi!"
Na laluba aljihu.
Tana nan.
Na ce ina zuwa.